Waiwaye: Yadda Littafi da Waƙa Suka Shiga Ɗakin Jinya

Masanin tarihi Diodorus, wanda ya rayu a ƙarnin ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa, ya ruwaito cewa a ƙofar ɗakin karatun Fir'auna Ramses na Biyu a Masar an rubuta "wurin warkar da rai". Tunanin warkarwa da littafi daɗaɗɗe ne. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne aikin da ake ɗora wa littafin.

Da farko ɗauke hankali kawai ake nema. A gidan jinyar masu taɓin hankali na York a Ingila, wanda aka buɗe a 1796, Samuel Tuke ya rubuta a 1813 cewa a guji ƙagaggun labarai da duk littafin da ya taɓo abin da ke damun majinyaci, a ba shi lissafi da kimiyya. Wato a kauce wa gyambon.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya juya akalar. A 1916 Samuel Crothers ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, littafi da magani, ya raɗa wa fannin suna "bibliotherapy", wato magani da littafi. Shekara ta zagayo, a asibitin Craiglockhart da ke Edinbura, likita Arthur Brock ya tura wani soja mai firgitar yaƙi, Wilfred Owen, ya koma rubuta waƙa, har ya riƙe mujallar asibitin. Daga 1924 kuma Sadie Delaney ta shafe shekara 34 a asibitin tsofaffin sojoji na Tuskegee a Amurka, tana zaɓar wa kowane majinyaci littafin da ya dace da halinsa. An fara fuskantar ciwon ke nan, an daina kewaye shi.

Wata mai bincike, Caroline Shrodes, ce ta fayyace matakan warkewa ta hanyar karatu a ƙarshen shekarun 1940: mai karatu ya ga kansa a cikin labarin, abin da ya danne ya amayo, sannan ya fahimci halin da yake ciki. A 1969 likitan ƙwaƙwalwa Jack Leedy ya kafa ƙungiyar masu magani da rubutacciyar waƙa, da ƙa'idar da har yau ake tafiya a kanta: waƙar ta yi daidai da yanayin zuciyar mutum. Wanda aka yi wa rasuwa, in ka karanta masa baitin murna, sai ya ji ba a san zafinsa ba, ya ja bakinsa ya yi gum. Amma waƙar baƙin cikin ma dole ta bar ƙofa a buɗe. Wadda ta ƙare cikin yanke ƙauna tsantsa haɗari ce ga mai tunanin kashe kansa.

A zaman magani da waƙa, yawanci mutum shida zuwa goma ake tarawa, zaman ya ɗauki awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Waƙar kada ta wuce shafi guda. A karanta ta da murya sau biyu, bakin mutum biyu daban, a ɗan yi shiru, sannan jagora ya tambaya: "Wane baiti ne ya tsaya maka a rai?" Nan ake yawan ɓata rawa da tsalle. Jagora ya koma malamin adabi, yana neman ma'anar da marubuci ya nufa ko gyaran amsa-amo, sai kowa ya ji tsoron kuskure, zukata su rufe.

Rubutu da hannun mutum ya samu hujja a 1986, lokacin da masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya wallafa gwajin da ya sa ɗalibai rubutu na minti 15 kwana huɗu a jere. Waɗanda suka zayyana abin da ya ƙuntata musu sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya, ko da yake sukan tashi daga teburin da nauyin zuciya. Shi ya sa ba a tilasta wa mai ɗanyen rauni ya tono shi, kuma mai ciwon damuwa mai tsanani likita ne farkon wanda zai gani. A birnin Cardiff ma, da Neil Frude ya ƙirƙiro tsarin rubuta wa majinyaci littafi a 2003, ya je ɗakin karatu ya karɓa kamar yadda ake karɓar ƙwaya, masu matsakaiciyar damuwa aka yi wa tanadin.