Na'urar lura da jariri mai sensa da yawa: me take gani, me ke wuce ta?

Masu jego a Zariya, musamman ma'aikatan da ke zaune daga su sai maigida, ba kaka ba gwaggo a kusa, sun fara tambaya a kan na'urar da ake tallatawa cewa tana gadin jariri yana barci. Ga tambayoyin da suka fi yawa.

Me ake nufi da haɗa sensa?

Sensa ita ce ɓangaren na'ura da ke ji, ko gani, ko auna wani abu. Na'urar lura da jariri ta da can, sauti kawai take ɗauka: jariri ya yi kuka a ɗaki, uwa ta ji a kicin. Ta yanzu kuwa ta tara abubuwa da dama. Akwai kyamara mai gani cikin duhu, da makirufo, da ma'aunin zafin ɗaki. Wasu na zuwa da faifan da ake sawa ƙarƙashin katifa don jin motsin numfashi, wasu da 'yar safa da ke haska jan haske ta fatar ƙafa tana auna bugun zuciya da iskar oksijin a jini. Manhajar da ke ciki ita ke gwama duk bayanan kafin ta yi ƙara a wayar uwa.

Guda ɗaya ba ta isa ba ne?

Kowace tana da inda take makancewa. Jariri ya harba ƙafa, safa ta goce, sai awo ya faɗi alhali lafiyarsa lau. Idan kyamara ta nuna yana motsi, makirufo kuma ya ji guna-guninsa, manhaja za ta gane safa ce ta zame. Sannan jariri sabon haihuwa yakan ɗan tsayar da numfashi na daƙiƙa 5 zuwa 10 ya ci gaba, wannan ba ciwo ba ne. Abin tsoro shi ne ya kai daƙiƙa 20, ko launinsa ya canza. Babban amfanin haɗin shi ne rage ƙarar ƙarya, domin uwar da aka tasa a firgice dare bayan dare a banza, ƙarshenta kashe na'urar za ta yi.

To za ta hana jariri mutuwar farat ɗaya cikin barci?

Babu hujjar haka, kuma nan ne talla ke wuce gona da iri. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce kada iyaye su dogara da irin waɗannan na'urori don rage wannan haɗari. Abin da ta ce yana aiki ba ya cin kuɗi: a kwantar da jariri rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, ba filo ba tulin bargo, a ɗakin uwa amma a makwancinsa aƙalla wata 6, a shayar da shi nono, a nisanta shi da hayaƙi, kada a lulluɓe shi har ya yi gumi.

Awon safar abin dogaro ne?

Ya danganta da wacce aka saya. A 2018 likitoci a asibitin yara na Filadelfiya sun gwada iri biyu a kan jarirai 30: ɗaya tana kama faɗuwar oksijin amma ba kullum ba, ɗayar kuwa ba ta kama ko sau ɗaya ba. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta gargaɗi kamfanin Owlet kan sayar da safarsa ba tare da izini ba, sai a 2023 ya samu amincewa. Yawancin masu arha da ke yawo a intanet ba su bi ta wannan tantancewa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Binciken Jami'ar Mishigan na 2020, wanda aka yi a kan manya, ya nuna ma'aunin oksijin mai amfani da haske ya fi yin kuskure a baƙar fata, yakan nuna awo mai kyau alhali ya yi ƙasa.

Za ta yi aiki a irin gidajenmu?

An ƙera ta ne don jaririn da ke kwana shi kaɗai a gadonsa. A nan kuwa yawanci yana gefen uwarsa a katifa ɗaya. A haka faifan ƙarƙashin katifa numfashin uwa zai riƙa ji, ya ce komai lafiya ko da na jaririn ya tsaya. Girgizar fanka ma, a zafin Maris da Afrilu, tana iya ruɗa shi. Kyamarar da aka kafa a wajen gidan sauro kuma, haskenta na dare kan dawo daga jikin ragar, hoto ya yi fari fat. Kada wannan ya sa a cire gidan sauro; zazzaɓin cizon sauro ya fi kusa da jaririnmu nesa ba kusa ba.

Sai batun wuta da data. Mai dogaro da waifai, da an ɗauke wuta ta yi shiru, uwa na can tana zaton ana gadi. Gara mai batir, mai nata allon, wadda ke yin ƙara idan sadarwa ta yanke. Kuma sensa ɗin da aka saba sawa ba sa jin iskar guba ta garwashin da ake shigarwa ɗakin mai jego da hunturu, ko hayaƙin janareta a bakin taga.

Ita kanta tana da haɗari?

Igiyarta. A 2013 an janye na'urorin lura da jariri na kamfanin Angelcare kusan 600,000 a Amurka bayan igiyar faifan ta shaƙe jarirai biyu. A nisanta kowace igiya da gado aƙalla mita ɗaya. Mai hawa intanet kuma a canza mata lambar sirrin da ta zo da ita, kada baƙo ya leƙo ɗakin kwana.

Jaririna bakwaini ne, in saya?

Fara tambayar likitan da ya sallame ku, ko a asibitin koyarwa na Shika ne ko wani. In yana buƙatar sa ido, shi zai faɗi irin na'urar da yadda za a yi idan ta yi ƙara. Amma ko me waya ta nuna, idan ɗan ƙasa da wata 2 yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko leɓensa ya sauya launi, a kai shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.