Dusar giya da baƙin dare a bayan gida: tambayoyin da ake ta jefo min

Maƙwabcina a nan Amurka wani dattijo ne ɗan fansho, duk bayan sati biyu sai ya buɗe gareji ya ɗora ƙatuwar tukunya yana dafa giyarsa. Ni ko kurɓa ban taɓa yi ba, dusa ce ta haɗa mu, don ina da kaji shida da ɗan lambun tumatir da yakuwa a bayan gida. Tun da na ba 'yan gida labarin suke ta min tambayoyi, wasu da gaske wasu da tsokana.

Wai mutum ya dafa giya a gidansa kuma hukuma ta zuba masa ido?

Eh mana. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba da dama, baligi ɗaya galan 100 a shekara, gidan da ke da manya biyu ko fiye galan 200, da sharaɗin ba na sayarwa ba ne. Jihohin Misisifi da Alabama su ne na ƙarshe da suka yarda, sai a 2013.

To ita dusar mece ce, akwai giya a cikinta?

Babu. Duk wadda ta taɓa yin kunun zaƙi da tsiro ta san rabin aikin. Sha'ir ake tsirarwa a busar a ɓarza, sai a jiƙa shi a ruwan zafi kamar digiri 65 na wajen awa ɗaya, sitacin ya narke ya koma siga ya bi ruwa, a tace. Wannan ruwan zaƙin shi ake tafasawa, ya huce a zuba yis, daga nan ne yake zama abin maye. Dusa kuwa tun a wajen tata aka raba hanya da ita, ba ta ma ga yis ɗin ba, ɓawo ne da saura furotin. In ka ɗanɗana tana da ɗumi kamar tsakin da bai ji gishiri ba. Dahuwa ɗaya ta lita 19 tana cin sha'ir wajen kilo 5, kuma abin da ke fitowa ya fi wanda aka zuba nauyi saboda kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne.

Me zai hana a juye ta a shara a huta?

Hmm. Motar shara sau ɗaya take zuwa a sati a unguwarmu. Dusar nan da safe ƙamshin burodi take, kafin washegari ta yi tsami, in ta kwana uku a leda lokacin zafi wallahi warin sai ka ɗauka wani abu ne ya mutu a ciki, ga ƙudaje ga tsutsa. Kuma kar ka kuskura ka tura ta a magudanar wanke-wanke, toshewa za ta yi ka kira mai gyaran famfo ya yanke ka. Kwana ɗaya kake da shi da ita, ko ka ba dabba, ko ka shanya, ko ka ƙulla a leda ka jefa firiza, ko ta shiga ƙasa.

Dabbobin gida suna ci?

Har da rige-rige. Kajina in suka hango ni da farin bokitin nan sai su taru a bakin raga suna tsalle. Ai ba sabon abu ba ne, manyan kamfanonin giya duk duniya manoma suke ba wa ko su sayar musu, shanun madara su suka fi cin moriyarta, kuma a arewacin Ghana dusar giyarsu ta dawa da ake ce wa fito ita ce abincin aladu a gidaje da yawa, haka masu burukutu a wajajenmu ba sa zubar da tasu. Har rigima aka yi a nan a 2014 lokacin da hukumar abinci da magunguna, FDA, ta so ƙaƙaba wa masu ba dabbobi dusar sababbin sharuɗɗa, manoma da masu kamfanoni suka yi caa, dole ta sassauta.

Sai dai ƙari ce a kan abinci, ba ita ce abincin ba. Kalsiyam ɗinta kaɗan ne, in ka cika wa kaza mai ƙwai ciki da ita za ka fara ganin ɓawon ƙwai yana laushi. Akuya da tunkiya kuma a fara musu da kaɗan tare da harawa, cikin mai tuƙa ba ya son a canza masa abinci farat ɗaya. Ka zuba iya wadda za su cinye kafin la'asar, ragowar ka kwashe. Wadda ta fara funfuna kuwa ko kaza kar ka ba, wata funfunar guba take fitarwa mai cin hanta, a Ingila a 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu saboda ƙulin gyada mai funfuna da aka haɗa musu abinci da shi.

Kare fa?

Dusa zalla ba komai, har biskit suke gasa wa karnukansu da ita. Matsalar wani fure ne mai ɗaci da suke ce wa hofs, wanda ake jefawa a tukunya lokacin tafasa. Shi in kare ya ci jikinsa ya ɗau zafi ya yi ta haki har ta kai ga mutuwa, ko dafaffe ne. Shi ya sa dattijon nan yake ƙulle nasa daban ya sa a shara.

An ce taki take yi, gaskiya ne?

Sosai ma, amma a nan na sha kashi. Karon farko juye bokiti biyu na yi a gindin shinge na tafi abina. Wajen ƙarfe biyu na dare na ji kwaram, na haska fitila sai ga idanu shida suna ƙyalli, rakun ne uwa da 'ya'yanta biyu, wata dabba ce kamar ƙatuwar mage mai baƙin zane a ido kamar ɗan fashi ya rufe fuska, hannunta kuma kamar na jariri, murfin bola take buɗewa ba wahala. Ko gezau ba su yi ba. Suka gama da dusa suka fara zagaya akurkin kaji, kuma sati guda cur suna dawowa duba ko an ƙara.

Yanzu haka nake yi: bokitin dusa ɗaya, busasshen ganye ko garin katako bokiti uku, in cakuɗa da shebur har ba dunƙule, in tura tsakiyar tarin takin in rufe, bayan kwana uku in juya. Ita kaɗai curewa take yi iska ba ta shiga, shi ke kawo wannan ɗoyin. In ba na son wahala rami nake haƙawa mai zurfin ƙafa ɗaya in binne in danne da bulo.

To a bar su su ci mana, ai sadaka ce?

Wannan tambayar goggona ce, Allah ya ƙara mata lafiya. Goggo, sadakar nan kan koma cuta. Rakun da bodari suna cikin masu ɗauke da ciwon haukan kare a ƙasar nan. Barewa in ta saba taruwa wuri ɗaya tana cin abinci baki da baki cuta take yaɗawa, akwai wata mai lalata musu ƙwaƙwalwa da aka fara gani a Kolorado a 1967, ba ta da magani, saboda ita jihohi da dama suka hana zuba musu abinci. Garuruwan da ke kusa da daji kuma wani ƙaton naman daji ne da ake ce wa baƙin beyar ke shigowa, hancinsa ya fi na kare, in ya saba da abincin gida tsoron mutane sai ya fita daga ransa, ƙarshenta jami'an gandun daji su harbe shi.

Guba ko tarko fa?

Ban yarda da guba ba, ɓeran da ya ci yana tangaɗi mujiya ko magen maƙwabta ta ɗauka ita ma ta tafi. Kama rakun ka kai shi daji ka saki kuma laifi ne a wasu jihohin, kuma in warin yana nan wani zai maye gurbinsa. Raga ta ƙarfe mai ƙananan ido, milimita 6, ita na shimfiɗa a ƙarƙashin akwatin taki da kewayen akurki, ragar kaji ta gama-gari ɓera wucewa yake yi, rakun kuma yaga ta yake.

Mu da ba mu da rakun a gida, ina ruwanmu?

Mai koko da mai awara ba su da dusa ne? Ita ma jiƙaƙƙiya ce, ita ma kwana ɗaya take tsami. A zuba ta a bakin kwata da magariba a ga ko ɓera da gafiya ba su zo ba, inda ɓera ya yi gida kuma maciji na tafe. Ga zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Goggo dai shanya tata take yi a tabarma da rana tsaka, sirara, ta kwashe kafin magariba ta zuba a roba mai murfi, mai awaki na zuwa duk Juma'a ya auna da kwano ya biya ta.