Ma'anar shanti, waƙar aikin ma'aikatan jirgin ruwa

Tun farkon shekarar 2021 kalmar shanti ta yaɗu a intanet, har mutane da yawa suka ɗauka cewa duk waƙar da ta ambaci teku ko jirgi shanti ce. Asalin abin da ake kira shanti shi ne waƙar aiki da ma'aikatan jiragen ruwa na fatauci masu tafiya da ƙarfin iska suke rerawa, musamman a ƙarni na 19, domin su haɗa ƙarfinsu a lokaci guda sa'ad da suke jan igiya mai nauyi, ko ɗago ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ko fitar da ruwan da ya shiga cikinsa.

Tsarinta na jagora da 'yan amshi ne. Mutum ɗaya mai ƙarfin murya yana bayar da baiti, sauran su amsa, kuma a daidai wata gaɓa ta amshin ne kowa zai ja igiyar tare, kamar yadda mata ke daidaita saukar taɓarya da waƙar daka. Saboda haka kowane aiki yana da irin tasa: ta jan igiya gajeriya ce mai wurin numfasawa, ta juya na'urar ɗago ƙarfe kuwa doguwa ce, domin mutanen suna zagaye ne da taku ɗaya na tsawon lokaci. Ba safai ake haɗa ta da kayan kiɗa ba, tunda hannuwa suna kan aiki. Masana sun nuna cewa baƙaƙen fata masu lodin auduga a tashoshin kudancin Amurka, irin su Mobile da New Orleans, da ma'aikatan tsibiran Karibiyan, sun ba da gudummawa mai girma wajen samuwar wannan salo, kuma a ganina bai dace a riƙa tsallake wannan ba idan ana ba da tarihinsa.

Da jiragen tururi suka karɓe fatauci a ƙarshen ƙarnin, injin ya ɗauke aikin, waƙar ta rasa muhallinta. Masu tattara waƙoƙin gargajiya ne suka cece ta, cikinsu har da Stan Hugill, Baturen Ingila da ya yi aikin jagoran waƙa a jirgi, ya kuma wallafa babban kundinsa a 1961.

A yau mawaƙa ne ke riƙe da ita a dandali. Ƙungiyar Fisherman's Friends ta ƙauyen Port Isaac da ke yankin Cornwall a Ingila ta samu kwantiragi da babban kamfanin waƙa a 2010, 'yan ƙungiyar The Longest Johns kuma sun fito daga birnin Bristol na Ingila. Ana yin bukukuwanta a Falmouth ta Ingila, da Paimpol ta Faransa, da Krakow ta Poland. Sai Nathan Evans, ma'aikacin gidan waya a Scotland a wancan lokacin, wanda ya rera waƙar Wellerman a TikTok lokacin kullen korona, dubban mutane suka ɗora muryoyinsu a kan tasa, har ta kai matsayi na ɗaya a Birtaniya a watan Maris na 2021. Waƙar ta masu farautar kifin whale ce a New Zealand, kuma labari take bayarwa, ba a san ta da rakiyar jan igiya ba, shi ya sa masu bin diddigi suke sanya ta cikin waƙoƙin teku na hira da hutu, suna keɓe sunan shanti ga wadda aka yi domin aiki.