Bayan gada ta rufta: firgicin da ke bin mutanen gari har gida

Ranar 1 ga Agusta, 2007, da misalin ƙarfe shida na yamma, lokacin tashi daga aiki, gadar babbar hanyar I-35W da ke kan kogin Misisipi a birnin Miniyapolis na Amurka ta rufta da motocin da ke kanta. Mutum 13 suka rasu, 145 suka ji rauni. Wata motar makaranta cike da yara ta maƙale a kan ɓangaren da ya karye, Allah ya kiyaye duk suka fito da rai. Bincike ya nuna farantan ƙarfen da ke riƙe da mahaɗar ginshiƙan gadar sun yi siriri tun daga zanen farko, ga kankaren da aka yi ta ƙara mata cikin shekaru, ga yashi da kayan gyara da aka jibge a kanta ranar.

A lokacin, motoci kusan 140,000 ke bin gadar nan kullum. Ke nan gidaje da yawa a birnin suna da mai bi ta kanta. Shi ya sa ruftawar gada ba ta tsayawa kan waɗanda ta faɗa da su. Akwai wanda ya tsallake minti biyar kafin abin ya faru, akwai uwar da ta yi ta kiran wayar ɗanta ba ta shiga. Mu ma da damina ke cinye mana gadoji mun san wannan halin.

A kwanakin farko, rashin barci, faɗuwar gaba, ciwon kai, rashin cin abinci da saurin fushi duk ba abin mamaki ba ne. Wani da ya rufe ido sai ya ga motocin a ruwa. Wani kuwa zuciyarsa ta yi shiru kamar ba abin da ya faru, har ya riƙa zargin kansa da rashin tausayi. Wanda ya tsira yakan yi ta tambayar me ya sa shi ya fita, na kusa da shi bai fita ba. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Jiki ne bai gane cewa haɗarin ya wuce ba, kuma yawancin mutane sukan samu sauƙi cikin 'yan makonni.

Inda aka fi kuskure shi ne wajen jaje. Kowa ya shigo sai ya ce "ba mu labari, yaya abin ya faru?" Mutum ya maimaita sau goma a yini, kowane maimaici sabon ciwo. Ku zauna da shi, ku ba shi ruwa da abinci, ku taya shi neman 'yan uwansa. In ya so magana ku saurara, in bai so ba ku ƙyale shi. Kada a tura masa bidiyon wurin, kada a bar yara suna kallonsa: ƙaramin yaro in ya ga hoton sau biyar, yana iya ɗauka gada biyar ce ta faɗi. Yaron da ya koma fitsarin kwance ko ya manne wa uwarsa, rarrashi yake buƙata da gaskiya daidai hankalinsa, ba duka ba.

Maganin barci irin su diyazefam daga kemis, don Allah a bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a ba da shi don irin wannan firgici ba, yana iya jinkirta warkewa kuma jiki na sabawa da shi. In gaba ta faɗi, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida, na tsawon minti biyar.

Tsoron hawa gada shi ya fi daɗewa, kuma gudunta ke ƙara masa ƙarfi. A fara da tsayawa kusa da wata lafiyayyar gada ana kallon masu wucewa, washegari a tsallaka ƙarama da rana tare da wanda aka amince da shi, a riƙa maimaitawa har gaban ya daina faɗuwa, sannan a gwada babba.

Wanda ya fito daga wurin da ƙafarsa ma a sa masa ido kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci ko rikicewar magana alamar buguwar kai ce. Wanda ya faɗa ruwa ya kama tari ko numfashinsa ya yi nauyi cikin sa'o'in farko, a kai shi asibiti nan take. Haka wanda wata guda ya wuce yana mugun mafarki, ya kasa aiki, yana guje wa mutane, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, akwai maganin da ake yi ta hanyar zama da ƙwararre. In kuwa ya ambaci kashe kansa, ba a jiran wata: kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ranar.