Ma'anar rimfaya, ƙaramin harsashin da Amurkawa ke harbin gwangwani da shi

A Amurka, idan mutum ya shiga shagon sayar da bindigogi ya ce yana neman wadda zai riƙa harbin gwangwani da ita ranar Asabar a gonar kawunsa, ba farauta ba, ba tsaron gida ba, to da wuya mai shago ya miƙo masa wani abu in ba bindigar rimfaya ba. Da Turanci rimfire suke rubutawa. Kalmomi biyu ne aka haɗe: ta farko tana nufin leɓen abu mai zagaye, kamar leɓen faranti, ta biyu kuma wuta. Wuta a gefe ke nan. Sunan tun asali na harsashi ne, daga baya ya bi bindigar, kuma wanda ya gane harsashin ya gama rabin aikin zaɓen bindigar.

Wanda ya taɓa riƙe harsashin bindigar farauta mai baki biyu, ko ya kalli hoton harsasan AK-47 da 'yan sanda ke baje wa 'yan jarida, zai tuna akwai wani ɗan maɓalli zagayayye a tsakiyar gindinsu. A cikinsa sinadarin tada wuta yake. Idan aka ja kunama, allurar ƙarfe ta doki maɓallin, ya yi tartsatsi, albarushi ya kama, iskar da ta taso ta ingiza dalma waje. Irin wannan shi ake ce wa sentafaya, wato mai wuta a tsakiya. Harsashin rimfaya kuwa gindinsa a shafe yake, babu maɓalli ko kaɗan, sai tambarin kamfani. Leɓen gindin ne aka naɗe da rami a ciki. A masana'anta ana ɗiga sinadarin yana jiƙe a cikin kwanson, sannan a wulwula shi da sauri har ya shige cikin ramin leɓen ya zagaye shi, ya bushe a can. Allurar bindiga ba tsakiya take duka ba, leɓen take matsewa. Shi ya sa idan ka tsinci kwanson da aka harba, za ka ga ɗan tabo a bakin gefensa, kamar inda aka danna farce a jikin gwangwanin madara.

Daga wannan ɗan tabo duk halin bindigar ya samo asali. Tunda sai allura ta iya lotsa leɓen, dole tagullar kwanson ta zama siririya. Siririyar tagulla kuwa ba ta jure ƙarfin albarushi mai yawa, za ta yage. Don haka harsashin ya tsaya ƙarami, ƙararsa ba ta da yawa, kuma ba ya dukan kafaɗa idan ya tashi. Yaro ɗan shekara goma da babba ke tsaye a bayansa zai iya harba shi ba tare da ya firgita ba. Yana da araha domin tagulla kaɗan, dalma kaɗan, albarushi kaɗan yake ci. Ana sayar da shi hamsin-hamsin a ɗan kwali, ko ɗari biyar a dunƙule, wanda Amurkawa ke kira bulo saboda kamarsa da nauyinsa. Amma arahar tana da nata kuɗin. Wani lokaci sinadarin ba ya zagaye leɓen duka, sai allura ta faɗa inda babu komai, harsashi ya ƙi tashi. Kwanson da aka harba kuma ya gama aiki, ba a sake cika shi yadda masu sentafaya ke yi da nasu. Sannan a tsofaffin bindigogi da dama, jan kunama babu harsashi a ciki yana sa allura ta riƙa dukan ƙarfen bakin ramin harsashi har ta lalata shi.

Wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Flobert ne ya fara wannan dabara a 1845. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki 'yar hular tada wuta irin ta bindigar da ake ɗurawa ta baki, ya liƙa mata ɗan ƙwallon dalma. Babu ma albarushi a ciki. Don harbin nishaɗi a cikin ɗaki aka yi shi, kuma abin lura ne cewa harsashin da wasa aka haife shi, a wasa kuma ya fi daɗewa. A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya ƙara masa albarushi ya fitar da .22 Short. An gwada manya: bindigar Henry ta 1860 da aka yi yaƙin basasar Amurka da ita harsashin rimfaya mai lamba .44 take ci. Amma da sojoji da mafarauta suka nemi ƙarin ƙarfi, siririn kwanso ya gaza, sentafaya ya kore manyan. Wanda ya rage ya mamaye duniya shi ne .22 Long Rifle, da ake taƙaitawa .22 LR, wanda kamfanin Stevens na jihar Massachusetts ya fitar a 1887. Lambar .22 kaurin dalmar ce a ma'aunin inci, kimanin milimita 5.6, bai kai kaurin fensir ba. Nauyinta galibi giram 2.6 ne. Da shi ake harbin mita 50 a wasannin Olamfik, har da gasar gudu kan ƙanƙara da ake tsayawa a yi harbi.

Akwai 'yan uwansa masu ƙarfi, .22 WMR na 1959 da .17 HMR na 2002, amma sun fi tsada sosai kuma mafarautan ƙananan dabbobi aka yi wa su. Mai harbin gwangwani ba ya buƙatarsu.

Cikakken sunan bindigar da muke magana a kai shi ne rimfaya sami-otomatik. Sai rabin sunan na biyu, wanda a nan ne muke yawan yin kuskure da Hausa. Kafofin labarai sukan ce "bindiga mai sarrafa kanta" ga iri biyu da ba ɗaya ba ne. Mai sarrafa kanta ta gaskiya ita ce wadda idan ka danne kunama take ta aman wuta har sai ka saki ko harsashi ya ƙare. Wadda ake magana a nan, sami-otomatik, ɗura kanta kawai take yi. Ja ɗaya, harsashi ɗaya. Ni da za a bi shawarata da "mai ɗura kanta" muka riƙa cewa, domin bambancin babba ne a gaban doka, kuma mai sauraron labari ya cancanci ya san wacce ake nufi.

Yadda take ɗura kanta abu ne mai sauƙi. A bayan harsashi akwai wani dunƙulen ƙarfe da ke rufe ramin, kamar sakatar ƙofa, sai dai ba a kulle yake ba. Nauyinsa da sifirin ɗin da ke tokare da shi ne kawai suke riƙe shi. Idan harsashi ya tashi, ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne ke tura kwanso baya. Sakatar ta ja da baya, ta wurgar da kwanso, sifirin ya dawo da ita, a hanyar dawowa ta kwaso sabon harsashi ta cusa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. To tunda ƙarfin harsashin ne kaɗai ke yin aikin, kuma ƙarfin nasa dama kaɗan ne, sai bindigar ta zama mai tsirfa. Harsashi mai sanyin gudu, kimanin mita 330 a daƙiƙa, ya fi faɗawa inda aka saita, amma a wasu bindigogin ba ya iya tura sakatar har ƙarshe, sai kwanso ya maƙale a ƙofa. Mai saurin gudu, wanda ya kusa mita 380 a daƙiƙa, ya fi tafiyar da injin. Ƙari a kan haka, dalmar tana zuwa da kaki a jikinta, albarushin kuma yana barin toka. Bayan harbi 'yan ɗaruruwa, ka buɗe cikin bindigar za ka tarar da baƙin danƙo kamar na gindin tukunya. Yawancin ƙorafin da sababbin masu bindiga ke yi cewa tasu tana cijewa, daga datti ne ko daga harsashin da bai dace da ita ba. Tsofaffin hannu shawararsu ɗaya ce: sayi ƙananan kwalaye na kamfanoni uku ko huɗu, ka gwada, wanda bindigarka ta karɓa ka zauna a kansa. Bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya ma suna iya saɓawa a nan.

Shi kansa harbin gwangwanin yana da suna, filinkin, daga ƙarar da dalma ke yi idan ta sami gwangwani ko farantin ƙarfe. Babu alƙali, babu maki. Uba da 'yarsa, ko abokai biyu, su jera gwangwanaye a gaban tudun ƙasa, su ja da baya taku ashirin ko hamsin. Da yawan Amurkawan karkara a nan suka koyi saiti kafin su fara bin zomo da kurege.

Idan aka zo zaɓe, suna biyu ne suka fi yawo a bakin mutane. Na farko Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964. Sunanta ma bayani ne: harsashi 10, lamba .22. Gidan harsashinta ɗan akwati ne da ke juya harsasai a ciki kamar tayar keke, yana shigewa ciki ya ɓace, ba ya leƙowa ƙasa. Nauyinta bai wuce kilo biyu da ɗan abu ba. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne kayan gyara: kamfanoni barjat suna ƙera mata bututu, kunama, gindi da wurin ɗaura madubin hangen nesa, har mutum yana iya sauya kusan komai da kansa a kan teburin gida. Ta biyu Marlin Model 60, ta 1960, wadda aka ƙera fiye da miliyan 11. Ita gidan harsashinta dogon bututu ne kwance a ƙarƙashin babban bututun, yana cin 14 a ƙirar baya-bayan nan, 18 a ta da. Masu ita suna yabon saitinta tun daga kwali, kuma ta fi araha. Kamfanin Ruger ya saye Marlin a 2020 bayan kamfanin Remington da ke mallakarsa ya karye, aka dakatar da ƙera ta, don haka a kasuwar na-hannu aka fi samunta.

A ganina bambancin da ya kamata sabon shiga ya tsaya a kai shi ne na gidan harsashin nan, ba kyan katako ba. Mai bututu ba ta da abin da zai faɗi ya ɓata a ciyawa, amma wajen ɗura ta sai ka zare wata sandar tagulla ta wajen baki, hannunka yana kusa da inda dalma ke fita, sannan sauke ta yana ɗaukar lokaci, kuma harsashi ɗaya yana iya maƙalewa a bututun ba ka sani ba. Mai akwati kuwa danna ɗaya ka cire. Ga wanda zai koya wa yaro, wannan ya fi kwanciyar hankali. Sai dai ita ma tana da tarkonta, kuma shi ne ya fi jawo haɗari a bindiga mai ɗura kanta: cire akwati ba ya fitar da harsashin da ya riga ya shiga rami. Sai an ja sakata baya, an leƙa da ido.

Akwai wasu. Browning SA-22, wadda John Browning ya zana aka fara ƙerawa a Beljiyam a 1914, tana zubar da kwanso ta ƙasa, abin da ya sa bahagwai ke sonta, domin kwanso mai zafi ba ya wuce musu ta gaban fuska. Savage 64 da ake ƙerawa a Kanada ta masu ƙaramin aljihu ce. AR-7 tana warwarewa a zuba sassanta a cikin gindinta. Akwai kuma irin su Smith & Wesson M&P15-22, masu kamar bindigar soja a ido, alhali ɗan harsashin nan ne dai a ciki. Kama ba ta ƙara wa dalma ƙarfi. Abin da ya fi kama amfani shi ne mutum ya ɗora bindigar a kafaɗa a shago ya ji ko tsawon gindin ya yi masa daidai, ko yatsansa ya kai kunama ba tare da miƙewa ba, ko idonsa yana faɗawa kan saiti da kansa. Ya kuma tanadi kuɗin abin toshe kunne da tabarau kafin na madubi.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne ƙanƙantar harsashin nan ba ta mai da shi abin wasan yara ba. A jikin kwalayensa ana rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya da rabi, kusan kilomita biyu da rabi. Yana da halin tsalle: idan ya sami dutse, busasshiyar ƙasa ko fuskar ruwa, yakan karkace ya nufi inda ba a yi niyya ba. Shi ya sa ba a harbin gwangwani sai da tudun ƙasa a baya, kuma ba a harbin kwalba a kan tafki. Da harsashin .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a Los Angeles a 1968, da shi aka harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981 har dalma ta shige huhunsa.

Dokokin ƙasashe sun sha bamban a kansa. A Amurka, dokar tarayya ta yarda ɗan shekara 18 ya sayi doguwar bindiga a wurin dila mai lasisi bayan an binciki tarihinsa, wasu jihohi kuma sun ɗaga shekarun. A Birtaniya, bayan kisan gillar da wani ɗan bindiga ya yi a garin Hungerford a 1987, dokar 1988 ta haramta dogayen bindigogi masu ɗura kansu amma ta ware na .22 rimfaya, waɗanda har yau ake mallaka da takardar izinin 'yan sanda. Ostireliya, bayan irin wannan kisan a garin Port Arthur a 1996, ba ta yi wannan sassaucin ba. Ta sa su a rukunin da galibi sai manoma da masu aikin kashe dabbobin ɓarna ke samun izini. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, na amfanin kai da ke buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, da kuma masu ɗuri ta baki irin na maharbanmu. Harsashin ma ba a riƙe shi sai da lasisi, ko da guda ɗaya ne, ko da ɗan .22 ne da bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba.