Rikicin left-pad

Rikicin left-pad tsaiko ne da ya afka wa masu rubuta manhaja da yaren JavaScript ranar 22 ga Maris, 2016, bayan an cire wani ɗan ƙunshi mai suna left-pad daga npm, rumbun da ake ajiye ƙunshe-ƙunshen manhaja don kowa ya ɗauka kyauta.

Ƙunshin

Layi 11 ne kacal. Aikinsa cike gurbi ta hagun rubutu: a ba shi 7, a ce ya cike shi da sifili har ya kai gurbi uku, sai ya dawo da 007.

Musabbabi

Marubucinsa, Azer Koçulu, yana da wani ƙunshin dabam mai suna kik. Kamfanin Kik na Kanada, mai manhajar aika saƙo, ya nemi ya sakar masa sunan, yana kafa hujja da cewa alamar kasuwancinsa ce. Koçulu ya ce atabau. Da maganar ta je gaban npm, sai ta miƙa wa kamfanin sunan, shi kuwa ya kwashe kayansa gaba ɗaya daga rumbun, ƙunshi 273, har da left-pad.

Abin da ya biyo baya

Yawancin waɗanda abin ya shafa ba su ma san suna dogaro da left-pad ba. Alal misali, Babel, wata manhaja da masu rubuta JavaScript ke yawan aiki da ita, a lokacin tana amfani da ƙunshin line-numbers, shi kuma yana kiran left-pad. Duk wanda ya zo girka ta sai aikin ya tsaya cik, dubban ayyuka suka bi sahu.

Cikin kamar minti 10 wani mai rubuta manhaja, Cameron Westland, ya sake ɗora ƙunshin a matsayin siga 1.0.0. Hakan bai warkar da komai ba, domin line-numbers siga 0.0.3 take nema takamaimai, kuma lambar da ta sauya sabon abu ce a wajen npm ko da abin da ke ciki bai sauya ba. Dole npm ta maido da 0.0.3 da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Tsaikon ya ɗauki kimanin awa biyu da rabi.

An yi saɓani kan ko npm ta kyauta wa marubucin.

Sauye-sauye

npm ta taƙaita damar janye ƙunshi kai tsaye zuwa awa 24 bayan ɗora shi, daga baya ta mayar da ita awa 72. Ƙa'idar yaren JavaScript mai suna ECMAScript 2017 ta shigar da padStart, wanda ke yin irin aikin left-pad, cikin yaren kansa.