Kabarin Kyaftin Meriwether Lewis da ginshiƙinsa mai karyayyen kai

Wane ne Meriwether Lewis?

Hafsan sojan Amurka ne, haifaffen Virginia a 1774. Da Amurka ta sayi yankin Louisiana daga hannun Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, sai Shugaba Thomas Jefferson ya tura shi tare da William Clark su je su ga abin da aka saya. Sun tashi a watan Mayun 1804, suka bi kogin Missouri, suka isa bakin tekun Fasifik a Nuwamban 1805, suka dawo St. Louis a Satumban 1806. Duk tsawon tafiyar nan mutum ɗaya kacal suka binne.

To yaya aka yi kabarinsa ya kasance a daji?

Bayan dawowarsa an naɗa shi gwamnan yankin Louisiana, kuma kujerar ba ta karɓe shi ba. Ma'aikatar Yaƙi ta ƙi biyan wasu kuɗaɗen da ya kashe, bashi ya yi masa katutu. Ya kama hanyar Washington don ya wanke kansa, ya yada zango a wani masauki da ake kira Grinder's Stand, kan tsohuwar hanyar Natchez Trace a jihar Tennessee. Da safiyar 11 ga Oktoba, 1809 ya cika da raunin harsashi biyu, ɗaya a ka, ɗaya a ƙirji, yana ɗan shekara 35. Nan kusa da masaukin aka rufe shi.

Shi ya harbe kansa ko kashe shi aka yi?

Nan ake ta ja-in-ja har gobe. Jefferson da Clark, waɗanda suka san shi ciki da bai, sun yarda cewa shi ya halaka kansa. Masu cewa kisa ne suna kafa hujja da cewa hanyar ta yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi, sannan harbi biyu ba ƙaramin abu ba ne. Danginsa sun nemi a tono gawar a bincika, hukumar kula da gandun daji ta ƙasa ta hana a 2010. Ni dai maganar abokansa ta fi kwanta mini, domin sun daɗe da sanin halinsa.

Me ya sa kan ginshiƙin yake a karye?

Da gangan aka sassaƙa shi haka. Jihar Tennessee ta kafa shi a 1848, alamar rayuwar da ta yanke a tsakiya.

Me ya bari?

Rubuce-rubucen tafiyar, da bayanan tsirrai da dabbobi, har akwai furen da ake kira Lewisia. Ƙaramar hukumar da kabarin yake ma sunansa ta ci. Ga ƙabilun asali kuwa, irin su Shoshone da Nez Perce da suka ba ayarin dawaki da abinci, hanyar da ya nuna ita ce baƙi suka biyo daga baya suka raba su da ƙasarsu.